Maganin sa haƙora fari: mai ƙarfi da mai sauƙi

Goro da shayi da taba suna rina haƙora. Shi ya sa wasu mutane ke sayen magani don haƙoransu su yi fari. Maganin yana da kauri kamar zuma. Ana zuba shi cikin wani murfi na roba wanda likitan haƙori ya auna daidai da bakin mutum. Mutum ya sa murfin a gida, na wasu awoyi ko ya kwana da shi, har sati 2 ko fi. Likitocin haƙori biyu na ƙasar Amurka, Haywood da Heymann, su ne suka bayyana wannan dabara a 1989.

Abin da ke aiki cikin maganin sunansa feroksid. Shi ne ke cikin ruwan nan mai kumfa da ake wanke miki da shi a likita. Yana ratsa ɓawon haƙori, ya shiga ciki, ya kashe launin da ya zauna.

A jikin kwali akwai lamba: 10, ko 16, ko 22. Lambar tana nuna kashi nawa cikin 100 ne maganin. In lamba ta yi sama, ƙarfi ya yi sama. Amma a lura, feroksid iri biyu ne. Akwai karbamid, akwai idrojen. Idrojen ya ninka karbamid ƙarfi wajen sau 3. Karbamid mai lamba 10 daidai yake da idrojen 3 da rabi. Wanda ya dubi lamba kaɗai bai karanta suna ba, ana iya ruɗinsa.

Mutane da yawa suna tsammani mai ƙarfi ya fi sa fari. Abin da ya fi shi ne sauri. Mai lamba 22 yana nuna fari cikin kwanaki kaɗan. Mai lamba 10 yana tafiya sannu, amma in aka ƙara masa kwanaki, farin nasu kusan ɗaya ne.

Bambancin yana wurin ciwo. A tsakiyar kowane haƙori akwai jijiya mai rai. Magani yana kaiwa gare ta. In ya yi ƙarfi, da yawa ke kaiwa a lokaci guda. Sai mutum ya sha ruwan randa mai sanyi, ya ji zogi har cikin kai. Iskar hunturu ma tana tada shi. In maganin ya zubo bisa dasashi, wurin ya yi fari, ya yi zafi kamar ƙuna. Mai sauƙin ma yana sa zogi ga wasu, amma bai kai na mai ƙarfi ba.

Galibi zogin yana wucewa bayan ƴan kwanaki in an daina. Wanda ya ji shi sai ya huta kwana 1 ko 2, ya rage awoyi, ko ya koma ƙaramar lamba. A farmasi akwai man goge baki na masu zogin haƙori.

Saboda haɗarin ne ƙasashen Tarayyar Turai suka yi doka a 2011. Maganin gida ba ya wuce idrojen 6 cikin 100, likitan haƙori ne ke fara sa shi, kuma ba a ba wanda bai kai shekara 18 ba. Maganin da aka saya a tebur, ba suna ba lamba, ba wanda ya san ƙarfinsa.

Mai kogon haƙori, ko mai dasashi da ke jini, ya fara neman magani tukuna. Mace mai ciki ta jira ta haihu. Haƙorin roba da ciko ba su canza launi. Akwai kuma jan haƙori da ruwan sha ke kawowa in fuluwor ya yi yawa ciki, kamar yadda ya samu yaran Tibiri kusa da Maradi tsakanin 1985 da 2000. Wannan launi cikin ɓawon haƙori yake tun yarinta. Likitan haƙori ne zai duba ya faɗi abin da ya dace da shi.