Darasi Ga Iyaye: Ɗawainiyar Ɗa a Jami'a



Ranar da sunan yaro ya fito a jerin waɗanda hukumar JAMB ta ba gurbi, akan yi guɗa a gida, ran Lahadi a zo coci da baiko na godiya. Hakan ya dace. Sai dai daga ranar nan ne ɗawainiyar shekara huɗu ko biyar take somawa, wanda kuwa zai karanta likitanci, shida ce ke gabansa.

Mu fara da kuɗi, tun da shi ne ke hana iyaye barci. Kuɗin rajista sau ɗaya ake biya a shekara, kowa yana ganin zuwansa, yana iya shiga adashi dominsa. Abin da ke karya ɗalibi shi ne ƙananan kashe-kashe na kullum. Yaron da ke kwana a Daurawa yana karatu a sabon mazaunin Jami'ar Bayero da ke hanyar Gwarzo, sai ya ratsa gari a A Daidaita Sahu safe da yamma, kuɗin mota kuwa ya hau tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Ga abinci, ga takardun darasi, ga data. Ku zauna da shi da biro da takarda, ku lissafa kuɗin motar zango guda, ku gwada da kuɗin ɗakin kwanan ɗalibai. Wani lokaci zaman makaranta ya fi sauƙi. Abin da za ku iya bayarwa kuma, ku yanka masa rana a wata, ku riƙe ranar. Kaɗan mai zuwa a kan kari ya fi mai yawa da ba a san ranar zuwansa ba.

A shekarar 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa asusun rancen ɗalibai, wato NELFUND, domin masu karatu a manyan makarantun gwamnati. Asusun yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, rancen ba shi da ruwa, ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Amma bashi ne, da sunan yaron za a rubuta shi. Kada a cike takarda sai uba da uwa da ɗa sun yi shawara.

Akwai abin da ya fi kuɗi damuna. Wata uwa ta taɓa zuwa wurina tana kuka: ɗanta ya faɗi kwas uku tun a shekarar farko, ya ɓoye, sai da aka sallame shi suka ji. Da na tambayi yaron, ya ce mahaifinsa ya riga ya shaida wa dangi duka cewa injiniya ne a gidan, da wane baki zai faɗa? Iyaye, ku nemi ganin sakamakon kowane zango, ku kuma zama mutanen da za a iya nuna wa sakamako marar kyau ba tare da gidan ya kama da wuta ba. Kwas ɗin da aka faɗi ana iya sake shi idan an sani da wuri.

Haka nan batun zaɓen fanni. Kusancinmu da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya sa kowa yana ganin ɗalibai da fararen riguna a titin Zariya, yana so nasa ya zama haka. Ba kowane yaro Allah ya ba wannan baiwa ba, kuma malamin makaranta mai son aikinsa bai gaza kowa ba.

Ku yi shirin jinkiri ma. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya kai wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Idan irin haka ta sake faruwa, kada yaro ya zauna a bakin titi. A kai shi wurin tela, ko mai gyaran waya, ko shagon wani ɗan'uwa.

'Yar da ke zuwa makaranta daga gida, a rage mata aikin girki da wanki a lokacin jarrabawa, yadda ake rage wa ɗan'uwanta. Wanda ya koma makaranta da zama kuma, ku tambaye shi inda yake zuwa Mass, da ko ya shiga ƙungiyar ɗaliban Katolika ta NFCS. Ku san sunan abokinsa ɗaya ko biyu, ku karɓi lambar wayarsu.