Darasin Kimiyya: Ƙwaƙwalwar Matashi a Gaban Alƙali

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi, ɗalibi zai iya bayanin yadda ƙwaƙwalwar matashi take girma, da dalilin da ya sa kotuna suke la'akari da hakan.

Gabatarwa

A Ingila da Wales, dokar 1988 ta ba Babban Lauyan Gwamnati ikon miƙa hukunci ga Kotun Ɗaukaka Ƙara idan ya ga sassaucin da alƙali ya yi ya wuce kima. Dokar ta ba shi kwana 28 daga ranar yanke hukunci, kuma fashi yana cikin laifukan da dokar ta shafa. To, a ce yaro ɗan shekara 16 ya tare mutum da wuƙa ya ƙwace masa waya, alƙali ya yanke masa hukuncin da bai kai na babba ba. Masu gabatar da ƙara suka ce an yi sakaci, lauyan yaro ya ce ƙuruciya ce. Me kimiyya ta ce?

1. Doki da linzami

Ku ɗora hannu a goshinku. Bayan wannan ƙashi akwai sashen ƙwaƙwalwa mai auna abu kafin a yi, mai hango abin da zai biyo baya. Shi ne linzami. Can ciki kuma akwai sassan da suke motsa sha'awa da fushi da zumuɗi, waɗanda sinadarin dofamin yake zaburarwa. Su ne doki.

Dokin yana ƙosawa da wuri, tun lokacin balaga. Linzamin kuwa ba ya gama ƙwari sai wajen shekara 25. Hotunan na'urar MRI, irin waɗanda Jay Giedd da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 1999, sun nuna ƙwaƙwalwa tana ci gaba da sauyawa bayan yarinta. Abu biyu ne suke faruwa. Na farko, ana sassabe mahaɗan jijiyoyin da ba a amfani da su. Na biyu, wani kitse mai suna mayalin yana lulluɓe jijiyoyi, kamar robar da ke jikin wayar lantarki, saƙo ya riƙa gudu da sauri. Sashen goshi yana cikin na ƙarshe da aikin yake kammaluwa a kansu.

2. Idon abokai

A 2005, Margo Gardner da Laurence Steinberg na Jami'ar Temple sun zaunar da mutane gaban kwamfuta suna wasan tuƙin mota. Fitilar hanya takan koma ruwan ɗorawa. Ka ci gaba, maki ya ƙaru. Ka makara wajen taka birki, ka yi karo, maki ya zube. Wasu sun yi wasan su kaɗai, wasu kuma da sa'o'insu biyu a gefe. Yara 'yan shekara 13 zuwa 16 sun ninka ganganci da abokai suna kallo, manya kuwa kusan babu abin da ya sauya musu. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa matasa suka fi aikata laifi a ƙungiya.

3. Wa yake dainawa?

Aikata laifi yakan kai ƙololuwa a ƙarshen shekarun samartaka, sannan ya sauka. A 1993, Terrie Moffitt ta kasa masu laifi gida biyu: masu yawa da suke bari idan hankali ya game jikinsu, da 'yan kaɗan da suke ɗorewa. Wahalar ita ce, a shekara 16 ba a cika iya bambance su ba.

4. A kotu

Ƙa'idar Ingila ta ce ɗan shekara 15 zuwa 17 ana iya yanke masa rabi zuwa kashi biyu bisa uku na ɗaurin babba. A Amurka, a 2005 Kotun Ƙoli ta hana kashe wanda ya yi laifi kafin ya kai shekara 18, kuma a 2010, a shari'ar Graham, ta hana yi wa yaro ɗaurin rai da rai marar damar fita a laifin da ba kisa ba.

Kammalawa

Ku lura: binciken nan yana magana ne a kan matasa a jumlace. Hoton ƙwaƙwalwa ba zai gaya wa alƙali abin da ke zuciyar yaro ɗaya a daren da ya zare wuƙa ba, ba zai kuma cire tsoron da ya shiga wanda aka tare ba. Ƙuruciya tana rage nauyin laifi, ba ta share shi. Auna nawa za a rage, aikin alƙali ne, shi ya sa aka bar ƙofar ɗaukaka ƙara a buɗe.

Aikin gida

1. Faɗi sauye-sauye biyu da suke faruwa a ƙwaƙwalwar matashi.
2. Me gwajin 2005 ya nuna game da abokai?
3. Kai ne alƙali a shari'ar yaron nan mai wuƙa. Rubuta hujja ɗaya ta sassauci, ɗaya ta tsanantawa.