Daga Zargi Zuwa Hukunci: Kalmomi da Mutanen Shari'ar Laifi

Laifi a idon doka shi ne aikin da rubutacciyar doka ta hana, ta kuma faɗi hukuncinsa. Haka sashe na 36(12) na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya tanada. Saboda haka ba kowane abin kunya ne laifi ba. Wanda ya ci bashi ya kasa biya, maganarsa ta neman haƙƙi ce tsakaninsa da mai kuɗi, ba ta 'yan sanda ba, duk da yadda ake yawan kai irin wannan rigima caji ofis.

Arewacin Najeriya yana aiki da dokar laifuka ta Final Kod tun 1960, wadda aka tsara bisa samfurin ta Sudan, ita kuma ta samo asali daga ta Indiya. Daga shekarar 2000, Zamfara ta fara aiki da dokar laifuka ta Shari'ar Musulunci, wasu jihohi suka bi sahu.

Yawancin laifuka suna tsayawa ne da ƙafa biyu: aikin da aka yi, da niyyar da ke bayansa. Niyya ce ke raba kisan da sashe na 221 na Final Kod ya yanke wa hukuncin kisa da wanda sashe na 224 ya yanke wa ɗauri. Gawa ɗaya ce, amma abin da ke zuciyar mai aikin ya bambanta. Shi ya sa dokar ba ta kama yaron da bai kai shekara 7 ba, ko wanda taɓin hankali ya hana shi sanin abin da yake yi.

Akwai kalmomi uku da bakin jama'a ke cuɗawa. Wanda ake zargi shi ne wanda ke hannun masu bincike. In an karanta masa tuhuma a gaban alƙali, ya zama wanda ake tuhuma. Ba ya zama mai laifi sai kotu ta same shi da laifin, domin sashe na 36(5) na Kundin Tsarin Mulki ya ɗauke shi mara laifi har sai an tabbatar. Nauyin tabbatarwar yana wuyan mai gabatar da ƙara, kuma sai ya kawar da duk wani kokwanto mai tushe. Idan kokwanton ya rage, wanda ake tuhuma ne ke cin moriyarsa.

Abin da lauyoyi suka fi shan wahalar fahimtar da mutane a harabar kotu shi ne matsayin wanda ya kai kuka. Mutumin da aka yi wa sata yakan ɗauka shari'ar tasa ce. A gaskiya ta hukuma ce, shi shaida ne kawai; dalilin ke nan da ake kiran ƙarar da sunan Jiha ko Kwamishinan 'Yan Sanda. Cewar da zai yi "na yafe" ba ta kashe babban laifi kamar fashi. Antoni Janar na jiha ne sashe na 211 na Kundin Tsarin Mulki ya ba ikon janye tuhuma kafin hukunci.

Alƙali ba ya bincike, ba ya kuma taya kowane ɓangare. Yana auna abin da aka kawo gabansa ne. Lauyan da ke kare wanda ake tuhuma yana yi wa shaidu tambayoyin ƙwaƙwaf don a gwada ƙarfin maganarsu, kuma kare mutum ba yarda da aikinsa ba ne. Magatakarda ke riƙe da takardu. Tafinta kuwa haƙƙi ne, kyauta, ga wanda bai jin harshen kotu. Mara galihu yana iya neman lauya a Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976.

Beli ba wankewa ba ne, amana ce: mai tsaya wa mutum ya ɗauki alkawarin kawo shi duk ranar zama, in ya gudu kuɗin da aka rubuta ya hau kansa. Haka nan sallama daban, wankewa daban. Wanda aka sallama don masu ƙara sun daina zuwa, ana iya sake gurfanar da shi. Wanda aka wanke bayan cikakkiyar shari'a, sashe na 36(9) ya hana a sake tuhumarsa da wannan laifin, sai da umarnin kotu ta sama. Wanda hukuncin majistare bai gamsar ba yana ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Jiha, daga nan Kotun Ɗaukaka Ƙara, sannan Kotun Ƙoli a Abuja.