Amsar Tambaya: In Sa Wa 'Yata Manhajar Leƙen Asiri?

Tambaya: Daga Dogon Daji nake. 'Yata za ta tafi karatu Sakkwato, ina so in sa mata manhajar bibiya a waya ba tare da ta sani ba. Ya dace?

Amsa: Malam, kada ka sa. Wani shirin talabijin na ƙagaggun labaran kimiyya, Black Mirror, ya taɓa wannan batu a 2017, a kashi mai suna Arkangel. Uwa ce ta sa aka dasa wa 'yarta na'ura a kai, tana ganin duk abin da idon yarinyar ya gani ta allon kwamfutar hannu. Tsoro ne ya kai ta, ba mugunta ba. Amma da yarinyar ta girma ta gano ana leƙenta, sai ta doki uwar da allon nan, ta bar gida. Za ka ce ai tatsuniyar Turawa ce, mu kuwa rashin tsaro ya addabi hanyoyinmu. Gaskiyarka, tsoronka yana da dalili. Sai dai sanin inda 'yarka take a hanyar Tambuwal zuwa Sakkwato daban, karanta saƙonninta a ɓoye daban. Na farko za ku iya shiryawa tare, ita da kanta ta kunna maka nunin wurin da take idan ta shiga mota. Na biyu kuwa aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ma ya kare sirrin hirar waya. Kira mahaifiyarta, ku zauna da 'yarku kafin ranar tafiya, ku tsayar da lokutan da za ta riƙa kiranku.