Faifan Birkin Keke Ba Ya Son Mai

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san keke, ba sai an koya masa faci ko ɗaure kaca ba. Amma kekunan gwanjo masu kaurin taya da ke cika kasuwanninmu yanzu, waɗanda aka ƙera don hawan dutse, birkinsu ba irin na Raleigh da Phoenix da iyayenmu suka hau ba ne. A tsohon keke, roba biyu ce ke matse bakin rim. A wannan kuwa, faifan ƙarfe ne aka ɗaure a cibiyar ƙafa ta hannun hagu, ƙananan takalman birki biyu suna damƙe shi idan an ja hannun birki. Ƙarfinsa duka yana cikin gogayyar busasshen takalmi da busasshen ƙarfe. Saboda haka abu ɗaya nake so ku riƙe daga wannan darasi: kada mai ya taɓa faifan nan, kowane irin mai ne.

Zaɓen faifai ba ya ɗaukar dogon bayani. Faɗinsa a rubuce yake a jikinsa: milimita 160, 180 ko 203 su ne aka fi samu. Mai yawo a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Kano, 160 ya ishe shi. Mai jiki, ko mai ɗaukar kaya a gangaren Jos, babba ya fi masa, don ya fi kamu kuma ya fi jure zafi, sai dai a tambayi mai gyara ko keken zai karɓe shi. A duba maɗaurinsa, domin wani da ƙusoshi shida ake ɗaure shi, wani da zobe ɗaya a tsakiya. A duba kaurinsa: na kamfanin Shimano na ƙasar Japan yana zuwa da milimita 1.8, idan ya cinye ya koma 1.5 ya gama aiki, kuma wannan lambar ma tana jikinsa. Shi ke nan zancen saye.

Inda ɓarna take shi ne gida. Maigida ya dawo da yamma, birki na ƙara tun daga bakin layi. Uwargida na tankaɗe a tsakar gida ta ce, “Malam, wannan keken naka ya ishi unguwa, ka tayar mini da yaro daga barci.” Kafin ya amsa, maƙwabci da ke zaune a dakali ya leƙo zaure ya ce, “Haba Malam, ai wannan ba abin kai wa mai gyara ba ne, ɗigo biyu na baƙin mai ya wadatar.” Nan da nan aka aiki ɗan gida ya ɗauko gorar man da aka juye daga janareta. Yaro ya tsiyaya, ya murza ƙafar keke, ya ce, “Baba, ka ji ya yi shiru!” Uwargida ta yi hamdala, maƙwabci ya koma dakalinsa yana jin ya yi taimako. Da safe maigida ya goya ’yarsa zuwa makaranta, akuya ta gitta a gangare, ya matse birki iya ƙarfinsa, keke ya ci gaba da tafiya. Shi kuwa mai ba da shawarar yana gida yana shan koko, ba a ƙafarsa za a ɗaure karaya ba. Irin waɗannan maƙwabta da ba su taɓa kwance birki ba amma kowace ƙara suna da maganinta, su ne ke jefa mutane cikin wahala.

Za a ce ai ƙarar ta daina, wannan ba shaida ba ce? Shaida ce cewa birkin ya daina kamawa. Sau da yawa ma bayan kwana kaɗan kukan kan dawo fiye da na da, ga shi ba kamu. Za a kuma ce a goge da tsumma mana. Faifan zai gogu, don ƙarfe ne, amma takalmin yana shan mai kamar yadda sabuwar tukunyar ƙasa ke shan ruwa, kuma duk lokacin da ya ɗauki zafi sai man ya sake tsattsafowa ya shafe faifan. Wasu kan gasa takalmin a wuta wai don man ya ƙone. Takalmi mai laushi da wani irin ƙaro aka haɗa shi, wuta na iya lalata ƙaron har ya ɓare daga ƙarfensa ana cikin tafiya. Takalmin da ya sha mai maganinsa canji ne. Mai kukan tsada ya auna kuɗin takalmi biyu da kuɗin ɗori da ranakun da zai yi kwance ba nema.

Ba sai an tsiyaya da gangan mai ke kaiwa wurin ba, wannan ma a kula. Wanda ke fesa wa kaca mai, feshin na ratsawa ta tsakanin wayoyin ƙafa ya sauka a faifan baya. Gara a riƙa ɗiga wa kaca kaɗan-kaɗan a share ragowar. Wanda ya ci ƙosai ko ya gama cin tuwo da miyar manja ya dafa faifai, ya shafa masa mai. Wanda ya wanke shi da kananzir ko man gas, ya shafa masa mai. Tsumman da aka goge kaca da shi kada ya kusanci faifai. Abin wanke shi sifirit ne, irin wanda ake goge fata da shi kafin allura, da tsumma mai tsabta. A hana yara wasa da faifai: hannunsu da maiƙo, kuma ramukansa na iya datse yatsa idan ƙafa na juyawa, bayan doguwar gangara kuwa zafinsa na ƙona fata.

To me ke sa birki kuka? Ruwa na sa shi, ya bushe ya daina. Ƙurar hunturu na sa shi, a goge. Ƙusa ta saki, a ɗaure. Faifai ya lanƙwashe saboda an kwantar da keke a kansa ko an danne shi da kaya a mota, mai gyara ya miƙar da shi da sifana mai tsabta. Takalmi ya cinye saura rabin milimita, a canza kafin ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Sabon faifai ko sabon takalmi kuma sai an sabar da su: a hau a wuri mai fili, a yi ɗan gudu, a matse birki har keke ya kusa tsayawa, a saki, a maimaita kamar sau 20. A cikin waɗannan duka babu wanda mai ke gyarawa.

Kafin ku fita kowace safiya, ku matse birkin gaba ku tura keke, ku matse na baya ku tura. Idan ƙafa ta zame ta juya, ko kun san mai ya taɓa faifai, ku jingine keken. Kada ku hau, kada ku ba yaro aike a kansa, sai an wanke faifai an sa sabon takalmi.