Kafin a ɗora wa ruwan sama laifi, a duba saitin modem

Abin da na fi ji daga masu ofis, asibiti ko makarantar da aka haɗa wa intanet ta tauraron ɗan Adam (VSAT) shi ne "faranti ya goce" ko "hadari ne". Wani lokacin haka ne, domin ruwan sama mai ƙarfi yana raunana siginar zangon mitar Ku. Amma a aikina na haɗa waɗannan na'urori, sau da yawa faranti na nan daram yana kallon tauraronsa, matsalar tana tsakanin modem da kayan da ke kan farantin.

Kaya biyu ne a can waje. LNB yana karɓo sigina daga tauraron da ke nisan kusan kilomita 36,000, ya sauko da ita zuwa mitar da kebul zai iya ɗauka, daga 950 MHz zuwa sama. BUC kuma yana ɗaga abin da modem ya aiko ya harba shi sama. Kowannensu yana da lambar da ake kira LO, kuma modem ba ya gano ta da kansa, sai an rubuta masa.

Ga lissafin. Idan sigina tana saukowa a 12,500 MHz, LO na LNB ɗinka kuma 11,300 ne, modem zai same ta a 1,200. Ka rubuta masa 10,750 bisa kuskure, sai ya tafi nema a 1,750, inda babu komai. Mai haɗawa zai wuni a rana yana juya faranti hagu da dama, alhali lamba ɗaya ce ba daidai ba. A zangon mitar C-band kuwa lissafin juyawa yake yi: daga 5,150 ake cire mitar siginar. Lambar tana manne a jikin LNB, sai dai rana da ƙurar hunturu kan goge ta, shi ya sa nake ɗaukar hotonta tun kayan na ƙasa.

Ɓangaren BUC ya fi damuna. Akwai mai LO 13,050, akwai mai 12,800, kuma a ido kamarsu ɗaya. Idan aka musanya wani da wani ba a gyara saiti ba, harbin zai kauce da 250 MHz, yana iya faɗawa kan hanyar wasu da ba su ji ba su gani ba, wataƙila banki ko asibiti a wata ƙasa. Don haka ba a kunna harbi sai an kira cibiyar kula da tauraron, su auna karkatar sigina da ƙarfinta, su ba da izini. Mai haɗawar da ya tsallake wannan kiran don sauri ya ci amanar aikinsa, ko da intanet ɗin ta zo.

Sai wuta. Ta cikin kebul ɗin modem ke ciyar da su: LNB bolt 13 ko 18, ƙaramin BUC yawanci bolt 24. BUC yana kuma buƙatar siginar 10 MHz daga modem, idan ba a kunna ta ba zai yi shiru ko da yana samun wuta. Kada a taɓa kebul alhali modem na kunne. Kada kuma a haɗa kebul ɗin harbi a kan LNB, yana iya ƙona shi nan take. A sa wa kowane kebul alama mai launi a bakinsa biyu.

Kebul ɗin RG6 ya wadatar idan nisan bai wuce kamar mita 30 ba, in ya wuce a koma RG11. A naɗe mahaɗan waje da tef mai hana ruwa kafin damina, a kuma binne sandar da za ta kai tsawa ƙasa.

Ga mai wurin, kada ka biya cikon kuɗin aiki sai an ba ka takarda mai ɗauke da sunan tauraron, LO na LNB da na BUC, ƙarfin siginar da aka samu ranar haɗawa, da kwafin fayil ɗin saitin modem. Ranar da modem ya lalace aka kawo sabo, da wannan takardar ma'aikaci zai dawo da ku kan layi ba tare da ya kwance faranti ba.