Masu Tsaron Ƙofa a Cikin Fatarmu

'Yan'uwa, a zamanin da kowace ƙofar birnin Zariya, kamar Ƙofar Galadima, tana da mai tsaronta, wanda ke tare duk abin da bai kamata ya wuce ba. Jikinmu ma yana da irinsu.

Ƙananan ƙwayoyin halitta ne suka haɗu suka zama fatarmu. A cikin kowace ƙwaya akwai saƙonni, wani na cewa "ki hayayyafa", wani na cewa "ki tsaya". Wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ake kira maikro-RNA su ne masu tsaron da ke tare saƙon da ya yi yawa. Victor Ambros da Gary Ruvkun na Amurka suka gano su a 1993, a jikin wata 'yar tsutsa, aka ba su kyautar Nobel a 2024. A ciwon dajin fata, masu tare saƙon hayayyafa sukan ragu, wasu kuma su yi yawa su toshe saƙon tsayawa. Sai ƙwayoyi su yi ta yaɗuwa ba linzami. Wannan ba jifa ba ne, ba sammu ba.

Hasken rana yana ɓata ƙwayoyin fata, kuma zabiya ya fi cutarwa. Mu sama wa yaranmu zabiya malafa da riga mai dogon hannu, kada mu tura su gona da tsakar rana. Mu masu baƙar fata ma ba mu tsira ba. Gyambon da ya ƙi warkewa, ko baƙin tabo a tafin ƙafa da ke ƙara girma, a daina shafa masa gari, a kai shi Asibitin Koyarwa na Shika tun yana ƙarami.